Ga ɗan'uwan da ya yi tambaya kan God of War, tsoho ko sabo

Ɗan'uwa, tambayarka ta fama min wani tsohon miki. Ka ce ka gama gem ɗin God of War na 2018 da Ragnarök da ya biyo bayansa, sun shiga ranka, amma abokanka sun saka ka a gaba wai ba ka san Kratos, jarumin gem ɗin, ba tunda ba ka buga tsofaffin da labarinsu ke Girka ba, wai na yanzu fim ne kawai ake kallo da hannun gem a riƙe. Kana so ka san wanne ya fi, kuma ko ka koma baya. Wallahi irin maganar da na sha ke nan, alhali ni tsofaffin ma na buga su. Wanda bai gama na 2018 ba ya tsaya a nan, don zan faɗi ƙarshensa.

Ina da wani aboki da muka taso tare a kan PS2. Tare muka kashe Hydra a cikin jirgin ruwan nan na farkon gem ɗin 2005, tare muka sha azabar ginshiƙan Hades masu juyawa da wuƙaƙe, waɗanda kana dab da kai wa sama wuƙa ɗaya za ta taɓa ka ka faɗo ƙasa. Hannu ɗaya muke karɓa-karɓa, in ka mutu ka miƙa. Da aka nuna tallan sabon, tun a ranar ya yanke hukunci: gemu, yaro, gatari, ga shi babu tsalle, an kashe gem. Ni ban ce komai ba, na samu nawa ina bugawa a hankali, awa ɗaya ko biyu da dare.

Na kai inda Atreus, ɗan Kratos, ya kwanta ciwo, Kratos ya koma gida shi kaɗai, ya ɗaga katakon ƙasan ɗaki ya fito da wuƙaƙen sarƙarsa naɗe a cikin ƙyalle. Hannuna har rawa yake yi. Washegari da murnata na je ina ba shi labari, don a tunanina duk duniya shi ne zai fi gane abin da na ji. Sai ya yi dariya a gaban mutane ya ce, "To me ya rage? Yaron ai Loki ne, uwar kuma cikin ƙattan Jotunheim take. Ka ga na hutar da kai." A YouTube ya kalla. Ko sau ɗaya bai riƙe hannu ya buga ba. Ban san lokacin da na tashi na bar wurin ba. Bayan kwanaki na hau dutsen ƙarshe, ga zanen bango, ga uba da ɗa suna watsa tokar Faye, uwar yaron, amma ni muryarsa kawai nake ji a kunnena. Wajen shekara biyar mutane suka yi suna gina wannan lokacin, shi ya rushe min shi cikin numfashi ɗaya, don kawai ya ci gardama. Ya ce wasa yake yi. Har yau bai ba ni haƙuri ba, har yau kuma ba na maganar gem da shi.

Abin da ya kasa amsawa shi ne, God of War II na 2007 da yake kurantawa, Cory Barlog ne ya jagoranci aikinsa, kuma shi ɗin ne dai ya jagoranci na 2018. Ka faɗa wa abokanka wannan.

Ka koma baya, amma don kanka, kar ka yi don su. A cikin tsofaffin na II ne gwanina. Daga buɗewa kana faɗa da gunkin Colossus a Rhodes, Zeus ya yaudare ka ya soke ka, daga nan kuma babu wurin da za ka gaji: faɗa, wasan ƙwaƙwalwa, hawan Pegasus, kowanne ya zo a kan lokacinsa. Na III, na 2010, ya fi girma a ido, faɗan Poseidon a jikin Gaia da na Cronos ba a manta su, amma Kratos ɗin ciki yana da wuyar so. Ya kashe Poseidon ruwa ya cinye ƙasa, ya cire kan Helios rana ta ɓace, ko a jikinsa. Sai ka ga wannan da idonka za ka gane dalilin da ya sa yake ɓoye wa ɗansa tarihinsa. Masu cewa tsohon ba shi da zuciya su ma ba su yi adalci ba. A Chains of Olympus na PSP akwai inda 'yarsa Calliope ta rungume ƙafarsa, kai da yatsanka za ka yi ta danna maɓalli har ka ture ta. Ajiye na'urar na yi na daɗe a zaune.

Ka shirya, a tsofaffin kyamara ba a hannunka take ba, analog ɗin dama na kauce wa sara ne. Awa biyun farko za ka ji haushi, ka daure. Kuma akwai wuraren tsiraici, kar ka kunna a gaban yara. In PS4 gare ka akwai na III da aka sabunta a 2015. Ascension, shi ma na Girka ne, ka bar shi ƙarshe. Wani faɗa mai wuya a cikinsa, Trial of Archimedes, sai da kamfanin ya sassauta shi saboda koken mutane.

Sababbin ma suna da nasu. Na 2018 ƙaton nan mai ɗauke da ginshiƙin dutse ake ta maimaita maka, launi kawai ake canjawa. A Ragnarök tafiyar Ironwood ta yi tsawo, kuma abokan tafiya ba sa barin ka yi tunani, kafin ka duba sun faɗa maka amsa. Duk da haka, in aka ce in ɗauki ɗaya tak, na 2018 zan ɗauka, na II ya biyo baya. Wanda ya ce babu faɗa a ciki, ka tambaye shi ko ya taɓa tsayawa gaban Sigrun, sarauniyar mayaƙan Valkyrie. Ni sai da na yi dare uku a kanta.

Ka buga Valhalla kuwa, ƙarin da aka yi wa Ragnarök? Kyauta suka sake shi a Disambar 2023, amma ka jinkirta shi sai ka gama na Girka, zai fi shiga jikinka. Kuma har ka gama, kar ka faɗa wa abokan nan naka inda ka kai.