Kuɗin adashina in zuba su a kirifto ko naira za ta cinye su?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni tela ne a Zariya, wata mai zuwa zan kwashi adashi, abokina yace in sayi Bitcoin dasu tunda naira kullum narkewa takeyi, kuɗin da ya sayi buhun shinkafa bara yanzu baya saya. Dan Allah gaskiya ne kirifto yana kare mutum daga tsadar kaya?

Amsa: Wa'alaikumussalam ɗan'uwa. Abokinka ya faɗi rabin magana, rabin da ya bari kuma shine mai cizo.

Dalilin da masu Bitcoin, wato mafi shahara a cikin kuɗaɗen intanet da ake kira kirifto, ke kafawa shine an tsara shi guda miliyan 21 ne kawai, babu gwamnatin da zata tashi da safe ta buga ƙari kamar yadda ake buga takardar kuɗi. A takarda maganar ta zauna. Amma duba abinda ya faru lokacin da aka fi buƙatarsa: a Yunin 2022 hauhawar farashi a Amurka ta kai kashi 9.1, rabon da a ga haka shekara kusan 40, shi kuwa Bitcoin da ya taɓa dala dubu 69 a Nuwamban 2021 sai gashi ya faɗo wajen dubu 16 a Nuwamban 2022. Wato kaya na tashi shi yana gangarawa, kaga wanda ya saka kuɗin hayar shago a lokacin ai ya sha kuka.

Toh su mutanenmu da kake ji suna cewa kirifto ya cece su, yawancinsu ba Bitcoin suka riƙe ba, USDT ne, wani kirifto da aka ɗaure farashinsa da dala ɗaya. Da CBN ta saki naira kasuwa ta yanke mata farashi a Yunin 2023 dala ta tashi daga wajen naira 460 har ta wuce 1,500 farkon 2024, wanda ya riƙe USDT ya ci riba, amma fa dala ce ta cece shi, waya kawai ta zama masa ɗan canji na aljihu. Kuma shima ba kullum ake kwana a gado ba, waɗanda suka saya a Fabrairun 2024 lokacin da dala ta kusa 1,900 a kasuwar bayan fage, zuwa Afrilu ta dawo wajen 1,100, suna kallo kuɗinsu ya zube. Kar kuma ka ɗauka duk abinda aka ce an ɗaure da dala yana ɗaure ne, wani kirifto mai suna TerraUSD haka aka ce, a Mayun 2022 ya zama toka.

Ga kuma ɓangaren hukuma, Binance, babbar manhajar cinikin kirifto, ta cire naira a Maris 2024 bayan takun-saƙa da gwamnati, masu P2P, wato masu saye da sayarwa tsakaninsu kai tsaye, suka rikice na kwanaki. Su kuma masu cewa kawo kuɗi mu ninka maka a wata guda, wannan ba kirifto bane, damfara ce irin ta dandalin CBEX da ya tafi da kuɗin jama'a a Afrilun 2025.

Ni da nine kai, tela mai shago, kaso mafi yawa zan zuba a yadi da zare tun kafin sallah ta matso farashi ya haura, ko keken ɗinki na biyu, tunda wannan kasuwar ka santa ciki da bai. In ka matsu sai ka taɓa, ɗauki ɗan abinda in ya ɓace ba zai hana ka bacci ba ka sayi USDT, kalmomin sirri 12 ɗin da walet, wato manhajar ajiyar kirifto, zai baka su ne mabuɗin kuɗinka, ka rubuta a takarda ka ɓoye, kar ka ɗauke su hoto, kar ka tura wa kowa a WhatsApp ko da abokin naka ne.