Shirun Allah ba ya nufin ya yafe

Ɗan'uwa, ka tambaya ko shekarun da ka yi kana tauye mudu a kasuwa ba tare da komai ya same ka ba, alama ce Allah ya riga ya yafe maka. A'a. Haƙuri yake yi da kai, yana ba ka lokacin juyowa. A cikin Littafi Mai Tsarki, Manzo Bulus ya nuna a Romawa 2:4-5 cewa alherin Allah jan mutum yake zuwa ga tuba, mai taurin zuciya kuwa fushi yake tara wa kansa har ranar shari'a.

Sai dai tuba ba ta tsaya a baki ba. A Luka 19:8 wani mai karɓar haraji mai suna Zakka ya yi alkawarin mayar da ninki huɗu ga duk wanda ya cuta. Ni ma na taɓa riƙe kuɗin adashen wata 'yar'uwa a ikilisiyarmu. Na yi ta addu'a, hankalina bai kwanta ba sai ranar da na kai mata kuɗinta da hannuna, na roƙe ta gafara. Gyara mudunka tun gobe, sannan ka nemi waɗanda kake tunawa ka cika musu awonsu.