Zan iya kafa gandun renon itatuwa da kuɗin tallafin muhalli?

Wani ɗan kasuwa mai shagon iri da taki da maganin feshi a Gumel ya aiko da tambaya. Ya ce ya tara naira miliyan ɗaya da rabi, yana da fili da rijiya a bayan gari, kuma yana jin ana ta maganar kuɗin da aka ware domin dashen itatuwa. Yana so ya buɗe gandun renon itatuwa ya riƙa sayar wa gwamnati. Wani kuma ya ce masa ya kawo dubu 50 a sama masa fom ɗin tallafi. Ya biya ko kada ya biya? Harkar kuma za ta fitar da shi?

Malam, kada ka biya ko sisi. Shirye-shiryen da kake magana a kansu ba a sayar da fom ɗinsu. Ka taka da ƙafarka zuwa ofishin shirin dashen itatuwa a Dutse, ko sashen gona da gandun daji na ƙaramar hukumarku, ka tambaya. Ina jin zafin wannan abu ƙwarai, domin 'yan kasuwa masu neman halali su ne aka fi cuta da shi.

Kuɗin dai akwai su, ba ƙarya ba ne. Tun 2007 Tarayyar Afirka ta ƙaddamar da shirin babbar katangar itatuwa daga Senegal zuwa Jibuti, kuma a 2015 Najeriya ta kafa masa hukuma ta musamman mai aiki a jihohi 11 da hamada ke ci, Jigawa na ciki. A watan Disamba na 2021 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 700 domin shirin ACReSAL, wanda ya shafi jihohin Arewa 19 da Abuja, da burin farfaɗo da hekta miliyan ɗaya ta ƙasar da ta lalace. Akwai kuma ƙananan tallafi na asusun muhalli na duniya, GEF, da hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNDP, ke rabawa, wanda a da ya yi shekara da shekaru iyakarsa dala 50,000 ga aiki ɗaya.

Sai dai ka lura da hanyar da kuɗin ke bi. Tallafin GEF na ƙungiyoyin al'umma ne masu rajista, waɗanda suka rubuta aikin da za su yi, da kasafinsa, kuma za su ba da bayanin kowace naira. Ba a ba mai shago don ya ƙara jari. A ACReSAL akwai asusun rance na al'umma da ake ba ƙungiyoyin manoma, amma rance ne, ana biya domin wasu ma su samu. Sauran manyan kuɗin suna tafiya ne ta kwangila: shinge, rijiyoyin burtsatse, gyaran zaizaya, samar da dashe. Kwangilar kuwa tana neman kamfani mai rajista da hukumar rajistar kamfanoni, CAC, da lambar haraji, da takardar shaidar biyansa, da hujjar cewa ka taɓa yin irin aikin.

Saboda haka shawarata ita ce ka ɗauki waɗannan shirye-shirye a matsayin masu saye, babban abokin ciniki da zai iya zuwa bana ya ƙi zuwa baɗi. Kada ka ɗauke su a matsayin jari. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Wanda jami'an shiri suka zo suka tarar da dashe a leda yana tsaye kore shar, shi ake kira idan buƙata ta taso.

Gandun reno sana'a ce ta lokaci. Ana dasa itace idan damina ta zauna, wajen watan Yuli zuwa farkon Agusta, don haka dole ka zuba iri a leda tun Maris ko Afrilu, a tsakiyar zafin bazara, kana ban ruwa safe da yamma. Kafin ka sayi leda ko ɗaya, ka tabbata rijiyar nan ba ta ƙafewa a watan Afrilu. Bayan ruwa sai shinge, domin awaki za su iya cinye aikin wata uku a yini guda. Dashen da bai fita ba har damina ta wuce kuwa ya zama nauyi a kanka: saiwa ta fasa leda, ban ruwa na cin kuɗi, mai saye sai wata shekara.

A nan ne zaɓin iri yake da muhimmanci, kuma a nan nake so ka fi nutsuwa. Shirye-shiryen gwamnati sun fi neman darbejiya da itacen turare da dakwara da makamantansu domin kare iska, suna saye da yawa amma a farashi kaɗan, biyan kuma yakan yi jinkiri. Manomi da mai gida su kuwa mangwaro mai aure suke nema, da gwaiba, da lemo, da zogale, da kashu, da dabino, kuma hannu da hannu suke biya. Mangwaron da aka yi wa aure ya ninka wanda ba a yi wa ba a kasuwa nesa ba kusa ba, don haka kuɗin da za ka kashe a koya wa yaro ɗaya auren dashe ya fi kuɗin fom amfani. Game da dabino, ka sani wanda aka shuka daga ƙwallo kusan rabinsa namiji yake fitowa, ba ya 'ya'ya, kuma sai bayan shekaru ake ganewa. Idan ka sayar da shi ba tare da bayani ba, ka zubar da amanar da shagonka ya daɗe yana tarawa. Akwai tashar binciken dabino ta cibiyar binciken kwakwar manja ta ƙasa, NIFOR, a Dutse, ka je ka nemi saninsu. Dakwara kuma sai ta yi shekara huɗu zuwa biyar kafin a fara tsaga ta a sami ƙaro. Ka faɗa wa mai saye haka.

Da ni ne, kashi ɗaya cikin uku na kuɗin kawai zan sa a shekarar farko, mafi yawansa a ruwa da shinge da inuwa, sauran ya ci gaba da juyawa a shago. Mafi yawan dashen ya zama na 'ya'yan itace, wanda manoman da ke sayen taki a wurinka za su ɗauka. Idan ɗan kwangila ya zo yana neman dubban darbejiya, ku rubuta yarjejeniya da shaidu, ya ba da kafin alƙalami da zai biya leda da ƙasa da ladan ma'aikata. Idan ya ce sai gwamnati ta biya shi zai biya ka, ka rage yawan zuwa abin da za ka iya jure rashinsa.

Ta ɓangaren ƙungiya kuma, ka shiga ta manoman garinku idan akwai, ko ku kafa da gaske, da rajista da asusun banki da littafin taro. Ta nan ake samun rance da horo, ta nan kuma ake ɗaukar matasa aikin dashe da ban ruwa da gadin daji. Ka sanar da mai unguwa da hakimi, domin ta wurinsu jami'ai ke fara shiga gari. Ka kuma riƙa rubuta abin da ka shuka, da wanda ya rayu, da wanda ya saya, tare da hotuna masu kwanan wata. Wannan littafin shi ne hujjar da za a nema ranar da ka je neman kwangila da sunanka.