Amsa kan tafkin Rayfield da ke Jos

Ɗan'uwa, ka tambayi asalin tafkin Rayfield, da kuma ko yara za su iya wanka a ciki. Tsohon ramin haƙar kuza ne tun zamanin Turawa. Da aka daina haƙa aka watsar da ramukan, sai ruwa ya cika su. Ga irinsu nan birjik har Bukuru da Barikin Ladi.

Wurin ya haɗu, ga iska mai sanyi, ga kwale-kwale. Amma don Allah kada ka bari yara su shiga. Bakin irin wannan rami ba ya gangara a hankali kamar na rafi; taku biyu sai mutum ya zurma, ruwan kuma sanyi ƙarara. Ko kwale-kwalen ma, ni ba na hawa sai da rigar kariya.