Dunƙulen da ka ciro a rijiya

Ɗana, ka ce dunƙulen nan da ka ciro a rijiyar Kusiri ya cika kyan zagaye, dole hannun mutum ne ya yi shi. Zagaye ba shaida ba ne, ƙasa ma ta iya.

Wanke shi, ka kankare gefe kaɗan. In cikinsa ja ne mai tsatsa, ɓawo a kan ɓawo kamar albasa, marmara ce. Ruwa ne ke kwaso sinadarin ƙarfe da damina, rani ya busar, shekara bayan shekara har ya dunƙule. In fari ne, irin wanda ke cikin baƙar lakar bakin kogin Lagon, ɗiga masa ruwan lemun tsami. Ya yi 'yar kumfa? Farar ƙasa ce ta taru, ba wanda ya taɓa ta.

Aikin mutum kuwa ba ya ɓuya. Katangar fasasshiyar tukunya kaurinta ɗaya ne, ka ga shatin yatsa ko zanen igiya da aka mirgina a kai, tsakiyarta sau da yawa baƙi don wuta ba ta ratsa ba. Kuma ba ta zuwa ita kaɗai: toka, gawayi, ƙayar kifi, duk suna kusa. Shi ya sa kullum nake ce maka ka dubi ƙasar da abu ya fito, kada ka tsaya kan abin kawai. Nan ƙasar Sao ce, mutanen dā da suka zauna a kudancin tafkin Chadi. Tun shekarun 1930 masu bincike ke tono tuddan Gulfe da Makari, suna samun manyan randuna da aka binne mutane a ciki. Ka taɓa ƙetarawa Gawi, kusa da Njamena? Akwai gidan tarihi, je ka kalla.

Abin dariya, mutanenmu kan juya lissafin. Gatarin aradu da tsofaffi ke cewa tsawa ce ta jefo, mutanen dā ne suka goga dutse har ya yi kaifi. Abin da aradu ke bari a yashin hamada ɗan bututu ne mai gilashi a ciki, kana matsawa ya ruguje.

Naka dai, da na auna shi a hannu na ga launinsa, marmara ce. Amma ranar da digarka ta taɓa bakin randa, dakata, kada ka fasa, ka hau sama mu sanar da bulama. Mai yiwuwa kabari ne, sai mu matsar da rijiyar.