Jirgi Ɗaya Ya Makara, Risho Ya Mutu: Tambayoyinku Kan Iskar Gas da Ake Shigowa da Ita

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Na karanta cewa ƙasashe irin su Bangladesh da Pakistan a jirgin ruwa ake kawo musu iskar gas. Ta yaya ake loda iska a jirgi? Kuma me ya sa da zarar jirgi ɗaya ya makara sai ƙasa ta ɗauki kukan ƙarancin gas?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ai ba a loda ta tana iska. A ƙasar da ake haƙo ta, kamar Qatar, ana fara tace ta, a cire danshi da iskar kabon da sauran datti, domin su ne ke daskarewa su toshe injuna. Daga nan sai a sanyaya ta har ta kai digiri 162 ƙasa da sifili, ta koma ruwa. Shi ake kira LNG. A wannan hali, gas ɗin da zai cika ɗaki 600 yana shiga ɗaki ɗaya.

Jirgin da aka fi amfani da shi yanzu yana ɗaukar kusan mita kubik 174,000 na wannan ruwa, wato sama da mita kubik miliyan 100 idan ya koma iska. Komai ingancin tankin, zafi na ɗan kutsawa, sai kusan kashi 0.1 cikin 100 na lodin ya riƙa tashi tururi kullum. Da wannan tururin ake tuƙa jirgin, shi ya sa ba a son ya yi ta zaman jira a bakin teku.

Ƙasar da ba ta da kuɗin gina tasha a tudu takan yi hayar wani jirgi na musamman da ake kira FSRU, a ɗaure shi wuri guda. Shi ne rumbu, shi ne kuma injin ɗumama ruwan, galibi da ruwan teku, ya koma iska ya shiga bututu. Pakistan ta fara da irinsa a tashar Qasim ta Karachi a 2015, Bangladesh kuma a Moheshkhali a 2018. To ga inda gizo ke saƙar: irin wannan jirgi yana tura wajen mita kubik miliyan 14 a rana, ke nan lodi guda bai wuce na mako ɗaya ba. Babu wata ajiya a bayansa sai abin da ke danƙare cikin bututu, wanda na 'yan sa'o'i ne ko kwana ɗaya. A watan Mayun 2023, guguwar Mocha ta tilasta dakatar da jiragen Moheshkhali biyu, nan da nan tashoshin lantarki da gidaje suka ji a jikinsu.

Tambaya: Malam, tunda gas bai ƙare a duniya ba, me ya hana gwamnati ta ƙaro jirage duk lokacin da aka shiga ƙaranci?

Amsa: Dala ce ke hanawa. Hanyar saye biyu ce. Akwai yarjejeniyar dogon zango, ta shekara 10 zuwa 15 ko fiye, wadda ake ɗaure farashinta da na ɗanyen man Brent, wanda ake auna farashin mai na duniya da shi. Wadda Pakistan ta ƙulla da Qatar a 2016 ta tsaya a kan kashi 13.37 cikin 100 na farashin gangar man. Idan gangar mai tana dala 80, kowane MMBtu na gas, wato ma'aunin zafin da ake sayar da gas da shi, zai kama kusan dala 10.7. Sharaɗinta mai nauyi shi ne ko ka ɗauka ko ba ka ɗauka ba, sai ka biya.

Hanya ta biyu ita ce sayen nan-take, jirgi-jirgi. Lokacin annobar korona a 2020 farashin kowane MMBtu ya faɗi har kusan dala 2, masu tsara manufofi da dama suka ɗauka haka za a ci gaba. Da Rasha ta afka wa Yukiren a 2022, Turai ta shigo kasuwa da kuɗi a hannu, farashin ya haura dala 50. Jirgi guda na ɗauke da MMBtu sama da miliyan 3, sai mai karatu ya buga lissafin da kansa. A watan Yulin shekarar Pakistan ta nemi masu kawo mata jirgi 10, ko mutum ɗaya bai taya ba. Bangladesh ta jingine sayen nan-take daga tsakiyar 2022 har farkon 2023.

Akwai kuma ciwon cikin gida. An sayo da dala, ana sayarwa da kuɗin ƙasa, sau da yawa ƙasa da yadda aka sayo. Kamfanin lantarki bai biya na gas ba, na gas bai biya mai shigowa da shi ba, banki ya ƙi buɗe takardar lamuni, jirgi ya juya wani wuri. A ganina, ƙasar da ta jingina wutarta da takin zamaninta a kan sayen nan-take ta yi ganganci. Abin da ba a iya rayuwa sai da shi a ɗaure shi da dogon zango, a bar nan-take don cike giɓin lokacin sanyi ko tsananin zafi.

Tambaya: Injiniya, me ke sa wutar risho mai amfani da gas na bututu ta yi ƙasa da safe da yamma, amma da tsakar dare ta dawo da ƙarfi? Na ji wasu na sa ƙaramin kwamfuresa don jawo gas, ko hakan daidai ne?

Amsa: Matsi ne ke tura gas. A babban bututun ƙarfe yana kai bar 70 ko fiye (bar ma'aunin matsi ne), a ƙofar gari a rage shi, a layin unguwa ya sauko kusan bar 4 ko ƙasa, sannan ragiletar gida ta mayar da shi wajen milibar 20 (milibar dubu ne bar ɗaya). Idan kowa ya kunna lokaci guda, siririn bututun da aka shimfiɗa don gida 200 alhali yanzu gida 600 ke kansa ba zai iya ba, kuma na ƙarshen layi ne ke fara rasawa. Yoyo da haɗin sata suna ƙara dagula lamarin. A Pakistan, gas ɗin da ke ɓacewa tsakanin tasha da mita ya sha haura kashi 10 cikin 100.

Kwamfuresa kuwa, don Allah a guje shi. Rabon maƙwabta yake zuƙewa, kuma idan matsin layi ya faɗi sosai, iskar waje na shiga ta wuraren da ke yoyo ta gauraya da gas. Wuta kan mutu a rishon da aka bari a kunne, gas ya dawo ya cika ɗaki. Gyaran na kamfani ne: a sauya bututun da mai faɗi, a haɗa ƙarshen layin da wani layi don gas ya shigo ta ɓangare biyu.

Tambaya: Idan na ji warin gas a ɗakin girki, me zan fara yi?

Amsa: Rufe bawul ɗin da ke jikin mita, a buɗe ƙofa da tagogi, kowa ya fita. Kada a taɓa makunnin lantarki, ko kunnawa ko kashewa, kuma a kira kamfani daga waje. Gas na kamawa ne idan ya kai kashi 5 zuwa 15 cikin 100 na iskar ɗaki. Na bututu ya fi iska sauƙi, sama yake taruwa, don haka tagar sama ta fi muhimmanci, saɓanin na tukunya da ke kwanciya a ƙasa. Wajen neman inda ke yoyo, ruwan sabulu ake shafawa a mahaɗar bututu a duba inda kumfa ke tasowa, ba a kusantar wurin da ashana.