Tambayi Likita: Waya Za Ta Iya Raba Ni da Kwalba Bayan Ciwon Daji?

Saƙonni huɗu na zaɓa a wannan makon, dukansu daga Jos da kewaye, kuma kusan kowanne da "don Allah a sakaya sunana" ya fara. To, na sakaya. Hukuncin giya a addini na bar wa malamai da fastoci. Ni dai abin da take yi wa jiki zan faɗa.

Tambaya: Likita, shekarata 27, ina Tudun Wada. Shekara biyu ke nan da na gama kemo, wato ɗurin maganin daji, na ciwon dajin kaluluwa, an ce yanzu ba a ganin komai. Sai dai duk Juma'a da Asabar nakan sha kwalba uku ko huɗu tare da abokai, musamman in sanyi ya matsa. Wani ya ce akwai manhajar waya da ke rage wa mutum sha. Da gaske ne?

Amsa: Ƙanena, barka da arziki, Allah ya ƙara lafiya. Bari mu fara da lissafi. Babbar kwalbar giya mai santilita 60, wadda aka rubuta kashi 5 cikin ɗari a jikinta, tana ɗauke da kusan giram 24 na tsantsar barasa. A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda ya sha giram 60 a zama ɗaya ya yi sha mai nauyi. Kwalbarka ta uku ta riga ta tsallake wannan layi.

Manhajojin suna aiki, amma kada a yi maka romon baka. Wani babban bita da ƙungiyar Cochrane, mai tace binciken lafiya, ta fitar a 2017 ya tattara gwaje-gwajen da aka yi, galibi a Turai da Amurka, ya samu cewa masu karɓar shawara ta waya ko kwamfuta sun rage kimanin giram 23 a mako fiye da waɗanda aka bari haka. Wato kwalba ɗaya. Kaɗan ne, amma kwalba 52 ce a shekara.

Abin da mai kyau daga cikinsu ke yi ba siddabaru ba ne. Za ta yi maka tambayoyi goman nan na Hukumar Lafiya ta Duniya da ake kira AUDIT, ta nuna maka matakin da kake. Za ta sa ka rubuta duk abin da ka sha a ranar da ka sha, ka sa wa kanka iyaka, sannan ta taɓo ka da saƙo da yammacin Juma'a, daidai lokacin da abokai ke kira. A ganina babban amfaninta shi ne ba a jin kunyarta. Matasa da yawa sukan ce mini "ɗan kaɗan nake taɓawa", sai mun buɗe lissafin waya tare mu ga ɗan kaɗan ɗin ya kai rabin kiret.

Kai kuma jikinka ba irin na abokanka ba ne. In cikin magungunan da aka ɗura maka har da jan ruwan nan, doksorubisin, wanda ake yawan bayarwa a ciwon kaluluwa, to yana iya raunana tsokar zuciya, kuma wani lokaci sai bayan shekaru abin ke bayyana. Giya mai yawa ita ma wurin take bugu. Batun sanyin Jos kuwa, yaudara ce: barasa na buɗe jijiyoyin fata ne, ka ji ɗumi a sama alhali zafin cikin jiki yana tsiyayewa. Shayi ya fi ta.

Ranar da za ka koma asibiti, nuna wa likitanka lissafin. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Tambaya: Ɗana shekararsa 22. An yanke masa ƙafa saboda ciwon dajin ƙashi, tun daga nan ya shiga shan goskolo, barasar nan mai ƙarfi ta haɗin gida, kullum a ɓoye, da safe hannunsa har rawa yake. Yayarsa ta ce mu kulle shi a ɗaki mu sa masa manhajar nan a waya. Uwa ce daga Bukuru.

Amsa: Mama, sannu da ɗawainiya. Don Allah kada ku kulle shi. Rawar hannu da safe alama ce jikinsa ya riga ya dogara da barasa, kuma irin wannan in aka yanke masa rana ɗaya, cikin sa'o'i 6 zuwa 24 zai fara gumi da karkarwa da amai. Wani yakan yi jijjiga kamar mai farfaɗiya, wani a kwana na biyu ko na uku ya rikice yana gane-gane, har ta kai ga rasa rai. Wannan aikin asibiti ne, inda za a ba shi maganin da zai sauko da shi a hankali tare da bitamin B1. Ku kai shi sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos, ko babban asibitin da ya fi kusa da ku.

Ku kuma tambaye shi cikin lalama ko yana shan tiramadol don ciwon dungulmin. Haɗa shi da barasa na danne numfashi. Goskolo ma kanta ba wanda zai iya rantse miki da abin da aka zuba a ciki.

Mama, yaron nan makokin ƙafarsa yake yi, kuma wataƙila ba wanda ya zauna ya ji ta bakinsa. Mutane na cewa "ka gode Allah ka rayu", shi kuma yana kallon sa'o'insa suna buga ƙwallo. Waya za ta yi rana bayan ya fito, wajen tunatar da shi ranar asibiti da haɗa shi da mai ba da shawara. Manhajar da aka cusa wa mutum dole kuwa, goge ta zai yi kafin ki juya baya.

Tambaya: Shekarata 34, an cire mini mama ɗaya, ina shan tamoksifen. Ba na shan giyar kwalba, sai jan ruwan inabi kofi ɗaya da dare, wai yana gyara zuciya, da burkutu in na je ƙauye biki. Su ma da matsala?

Amsa: 'Yar uwa, jiki bai san sunan abin sha ba, barasar da ke ciki ya sani. Hanta na mayar da ita wani sinadari, asetaldehaid, mai lalata ƙwayoyin halitta, sannan tana ɗaga sinadarin mata na estirojin, wanda shi ne tamoksifen ke ƙoƙarin tare wa hanya. Tun 1988 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya da ke Faransa ta sa barasa a rukunin farko na masu haddasa cutar, aji ɗaya da taba. An tabbatar da hannunta a dajin baki, da maƙogwaro, da akwatin murya, da bututun abinci, da hanta, da babban hanji, da mama. A Janairun 2023 hukumar ta ce babu adadin da za a kira marar haɗari. Ɗaya maman yana nan, shi muke karewa. Zuciya kuwa, tafiyar minti 30 a rana ta fi kofin nan yi mata amfani. A biki ki riƙe kofin kunu ko zoɓo, ba wanda zai leƙa.

Tambaya: Ƙaramar waya gare ni, ba intanet, kuma matata na duba ta.

Amsa: Malam, ta wadatar. Sa ƙararrawa a lokacin da ka saba fita sha, ka samu amini ɗaya da za ka kira in ta kaɗa. Kowane dare ka ajiye lamba kawai a wurin rubutun saƙo, 0 ko 1 ko 3, ba wanda zai gane ta sai kai. Bayan mako huɗu ka kawo mini lambobin, ka zo da sakamakon gwajin ciwon hanta nau'in B in ka taɓa yi. In ba ka yi ba, a yi maka ranar.